Motar da Ta Sha Ruwan Jarirai

Wata bakwai na yi a gidan Baba Haruna, a wani ƙauyen Hausawa da ke gefen garin Hajj Abdalla, can gabas a ƙasar masu magana da Larabci, kuma a cikin wata bakwai ɗin nan ban taɓa ganin motarsa da baki a rufe ba. Kullum murfin gaba a ɗage yake, an tokare shi da guntun ice, shi kuma Baba rabin jikinsa a ciki. Wannan kafin ƙasar ta rikice ne.

Daga wajen Ƙonni muka fito ni da maigidana, neman aikin gona. Baba Haruna ba danginmu ba ne na jini. Kakansa ne aka ce ya taso daga garin su maigidana da ƙafa zai tafi Makka, bai wuce nan ba. Wannan kaɗai ya isa ya ba mu ɗaki. Da maigidana ya samu aiki a manyan gonakin riɗi da dawa can kudu, bayan Abu Hujar, ina da tsohon ciki, sai ya bar ni wurin matar Baba, Hajja Kaltum. A hannunta na haihu. Aka yi suna ba ya nan. Ta waya ya faɗi sunan, na mahaifiyarsa, mu kuwa muna kiranta Ige. Ta kai wata biyar ubanta bai san fuskarta ba, don wayarsa ba mai hoto ba ce, kuma sai ya hau dutse yake samun kira.

Wata rana ya kira yana haki, da ji ka san yanzu ya gama hawan dutsen. Ya ce, "Rabi, mai gona na son wadda za ta dafa wa ma'aikata abinci duk damina. Na ce akwai ki. Amma ki zo kafin ruwa ya sauka. In harif ya shigo, hanyar nan ko jaki ba ya bin ta sai bayan wata huɗu."

Harif ita ce damina a bakin mutanen nan. Na lissafa da yatsu. In ban tafi yanzu ba, Ige za ta yi zama, ta yi rarrafe, ta fidda haƙori, duk ubanta bai gani ba.

Mota ɗaya ce za ta can daga ƙauyenmu, ita ce ta Baba. Duk shekara gab da damina shi ke kai wa gonar iri da gas da sukari da albasa, ya sauke ya juyo a ranar. Tsohuwa ce, mai buɗaɗɗen baya, irin waɗanda ke ja da ƙafa huɗu in an sa musu abin da suke kira dabal. Fentinta ya koɗe har ba a gane launinta na fari. Ƙarfi dai tana da shi. Cutarta ɗaya ce, zafi. In ta yi 'yar tafiya da kaya sai ta fara huci, ruwan cikinta ya tafasa, a tsaya a jira ta.

Ni mai tsoro ce tun ina yarinya, haihuwa kuma ta ƙara mini. In Ige ta daɗe tana barci sai na sa yatsa a hancinta na ji tana numfashi. To wai ni ce zan ɗauki jaririya in shiga motar da ke tafasa kamar tukunya in bi daji. Abin da ya sa na fara matsawa kusa da Baba in yana gyara ke nan. In abu yana ba ni tsoro, gara in leƙa cikinsa.

Da ya ga na tsaya da Ige a goye, sai ya miƙo mini wani tsohon kwanon sha. "Tunda kin zaka kallo, riƙe min notoci. Wanda duk ya ɓace, da haƙorinki za mu ɗaure wurin."

Shi ya nuna mini cewa wuta ce ke ci a cikin inji, ruwa kuma yana zagayawa yana kwashe zafin. Ruwan ya fito ta wani baƙin tiyo mai kaurin hannuna, ya shiga wani abu mai kama da saƙar zuma a gaban motar, iska ta ratsa ta ramukan ta huce shi, ya koma ta tiyon ƙasa. A gida na ji direbobi na ce wa abin lagireto. Nan ladeta suke cewa.

Na ce, "Ashe kamar yadda ake juya kunu ne daga ƙwarya zuwa ƙwarya don ya huce."

Baba ya fito da kansa daga cikin motar ya dube ni. "Kwayyis, madalla! Hajja, taho ki ji. Shekara talatin ina miki bayanin nan ba ki gane ba."

Hajja tana gasa kisra, wainar dawa mai faɗi da ake ci a nan, a ƙarƙashin rumfa, ba ta ko ɗago ba. "Abin da na gane, duk cokalin da ya ɓace a gidan nan yana cikin motar nan."

Kwana huɗu ya yi yana shirya ta. Ya ce bana ya gaji da tsayawa a hanya, zai yi mata maganin zafi gaba ɗaya. Ya sayo fanka ta wata ƙaramar mota da ta mutu, daga wurin masu tsoffin ƙarafa a kasuwar Hajj Abdalla, ya ɗaure ta a gaban ladeta da ƙarfe biyu, ƙari a kan wadda inji ke juyawa daga baya. Ya ja waya zuwa batir. Makunnin kuwa na fitilar ɗaki ne, fari, ya kafa shi a ƙarƙashin sitiyari da ƙusa. Da ya kunna, fankar ta ɗauka da ƙara, ya ce in riƙe bakin gyalena a gabanta. Gyalen ya taso ya rufe mini fuska.

"Ya kamata ta tsotse shi, ba ta tura shi ba," in ji Baba. Ya yi tsaki, ya musanya wayoyin biyu. Na sake riƙewa, sai gyalen ya manne a jikin motar har da ƙyar na ɓamɓare shi. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, wai waya biyu kawai aka juya iska ta sake hanya. Na so in tambaya me ya sa, na ji kunya.

Kashegari ya fasa garwar mai da almakashin kwano, ya lanƙwasa ta, ya yi wa fankar baya gida, ya kewaye ta har jikin ladeta. Ya ce kamar murhu ne, in duwatsun sun yi nisa da juna wuta ta gefe take fita. Ya yanke babban yatsa a wurin, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Ya rataya wata gorar roba a gefe da siririn tiyo, don ruwan da ke tsiyayewa in ta yi zafi ya taru, kada ya zube a ƙasa.

Ranar da za mu tashi, da sassafe, na gan shi ya fito daga ɗakin Hajja da ƙullin leda. Ya buɗe bakin ladeta ya zazzaga garin a ciki. Tun daga inda nake na ji ƙamshin.

Hajja ta fito da gudu. "Lallena! Alhaji, lallen da anka kawo min daga garin Madani?"

"Tana ɗan yoyo ta ƙasa, shi ka toshe shi. Kuma lalle sanyi gare shi. Ke ba shi kike shafa wa tafin ƙafa ba in zafi ya dame ki?"

"Bara ganyen shayina, bara waccan barkonona. Saura ka sa mata kwalli ka kai ta ɗaki."

Ya yi dariya, ya ɗauki jarka ya zagaya bayan gida inda tur'a ke wucewa, wato hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Ya ɗebo ya ɗura mata har baki. Na ga ruwan, ban kawo komai a raina ba.

Ni da Ige muka zauna a gaba. A jikin allon da ke gaban direba akwai wani ɗan gilashi mai allura, gefe ɗaya fari, gefe ɗaya ja. Baba ya ce, "Wagga ita ce liman. In ta tsaya a tsakiya, mu tahi. In ta kwanta ga ja, mu tsaya." Daga nan ban ƙara kallon gonaki ba.

Ba mu ga garin Sinnar ba sai da ta kwanta a ja. Baba ya kunna farin makunnin, fanka ta yi ta kuka, allurar ko motsi. Muka tsaya a gefen kwalta, ba inuwa. Ya jira, ya naɗe hannu da tsumma, ya murɗa murfin ladeta a hankali yana kauda fuska. Tururi ya yi sama kamar an buɗe tukunyar dambu. Ige ta farka tana kuka, wuyanta duk ƙurajen zafi. Na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane ina karanta duk abin da na iya. Baba ya sake cika ta daga wata tur'a a gefen hanya, ya ce murfin ne ya gaji, ba ya riƙewa, a Sinnar za mu sayi sabo.

A Sinnar na fara ganin babbar madatsar ruwa a kan kogi, na kasa gane yadda mutum ya tare kogi kamar wannan da hannunsa. Ba mu tsaya kallo ba. Muka shiga layin masu kayan mota, ina bin Baba a baya don ina tsoron zama ni kaɗai. Wani mai shago ya ji muna magana, sai ya washe baki. "Sannu, sannu, ɗan'uwa! Lafiya lau!" Iyakar Hausarsa ke nan, amma ta yi aiki. Ya sa aka kawo wa Baba shayi, ya ce wa Ige masha Allah, ya shiga can ciki ya daɗe, sannan ya fito da murfi a cikin ɗan kwali, yana ƙyalli. Ya rantse da Larabci cewa na asali ne.

Lokacin da yake miƙa kwalin na ga babban yatsansa da farin fenti mai ƙyalli, ɗanye. Na kuma ji warin fentin. Maganar ta zo mini har baki. Amma maza biyu suna ciniki, ɗaya ya isa ya haife ni, ni kuma baƙuwa ce mai cin tuwon gidansa. Na haɗiye.

Tsakanin Sinnar da Abu Hujar sau biyu muka tafasa. A ɗaya tsayawar, kusa da Maiwurno, wata mata tana yi wa akuyarta faɗa a bayan danga, da Hausa irin ta innata sak, har yadda take jan ƙarshen magana. Na juya baya kamar ina gyara goyo don kada Baba ya ga idona. Shi ma ya daina barkwanci. Yana tuƙi a hankali, yana leƙen sama ta kudu, inda wani baƙin abu ya fara taruwa can ƙasa-ƙasa.

Bayan azahar muka ja jiki muka shiga Abu Hujar. Aka nuna mana wani dattijo mai gyaran injinan ban-ruwa a bakin kogi, ana ce masa Usta Jibril. Yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Ya fara karɓar sabon murfin, ya danna shi da yatsa, ya kankare fentin da farce, tsatsa ta bayyana. Ya jefa shi cikin kwandon shara, ya ɗauko wani tsohon murfi daga aljihun tebur. Baba ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ji na yi kamar ni na sayar masa.

Suka kwance ladetar suka kwantar da ita a kan benci. Usta ya hura wuta, ya narkar da dalmar da ta riƙe saman, ya ɗage shi kamar murfin akwati. Na matsa na leƙa. Ashe cikin saƙar zuman nan ƙananan bututu ne a jere, sirara, ko tsinken tsintsiya da ƙyar zai shiga. Kusan dukkansu a toshe suke da wani jan abu mai kauri.

Usta ya lakato da yatsa ya shinshina. "Henna?" Ya dubi Baba. "Ya Haj, amarya ce?"

Masu shan shayi a rumfar gyaran suka kwashe da dariya. Usta ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai faɗi ya fara zura wa bututun ɗaya bayan ɗaya. Akwai ganyen shayi, akwai 'ya'yan barkono, amma ba su ne masu yawa ba. Na tsuguna na ɗebi abin da ke faɗowa na murza. Na san shi. Shi ne abin da nake kankarewa a gindin zir ɗin Hajja duk Juma'a.

Zir randa ce doguwa mai tsinin gindi, ana ɗora ta a kan ƙafar ƙarfe. Ruwan kogi da na tur'a ba a shan su yadda suke. Ana zuba su a zir, laka ta kwanta. Ta gindinsa kuma ruwa na ɗiga ɗaya-ɗaya cikin kwano, garau kamar hawaye. Wannan na ƙarƙashin ba kowa ake ba ba, na jarirai ne da marasa lafiya da shayin baƙo. Da shi nake wanke wa Ige baki da ido.

Wasu bututun sun ruɓe, Usta ya toshe su da dalma gaba ɗaya, ya ce sauran su za su yi aikin. Wajen la'asar aka mayar da ita. Baba ya ɗauki jarka biyu ya gangara kogi. Kogin a lokacin ya juya, an ce ruwa ya sauka a duwatsun Habasha. Da ya dawo ya karkata jarkar, abin da ya fito ja ne, kamar kunun da aka dama da jar dawa.

Ban san lokacin da na ce, "Baba, tsaya!" ba.

Duk rumfar aka juyo ana kallona. Amma na riga na fara. Na buɗe tafin hannuna na nuna masa lakar. "Ba lallen ba ne kaɗai. Ruwan ne. Shi ke kwanciya a cikinta kamar yadda yake kwanciya a zir, ita kuma ba mai kankare ta. A sa mata ruwan zir."

Baba ya ajiye jarkar. Bai yi fushi ba, ya dai dube ni kamar na ce ya ci abinci da hagu. "Ɗiyata, ruwan zir na bayin Allah ne. Mata su ɗauko a kai, su tace, ni in ɗura wa ƙarfe? Ubana ya yi tuƙi a ƙasar ga, bai taɓa ba mota ruwan mutane ba. Mi za a ce da ni?"

Usta Jibril ya goge hannu ya ce, "Kalamha sah." Wato maganata daidai ce. Ya ƙara da cewa cikin injin ma laka ce fal, sai an wanke shi da ruwa mai kyau, an zubar, an sake, in ba haka ba za ta taso ta cika bututun da suka rage tun ba mu yi nisa ba. Ruwan wankin kaɗai zai kai ganga.

Baba ya nuna kudu da haɓa. Baƙin abin nan ya hau sama, yana walƙiya a ciki. "Kin gani? In munka tahi yanzu, mu isa kafin magariba. In munka kwana nan, wataƙila mun kwana ke nan har kaka. Ke ce mai ɗiya. Zaɓi."

Na tambaya, bayan an bar kwalta akwai rijiya? Aka ce babu. Akwai gari? Babu. Inuwa? Wani a rumfar ya ce akwai, in ka shiga ƙarƙashin mota. Na dubi Ige, tana tsotson hannu, ƙurajen sun sauko har ƙirji. Ina son ubanta ya gan ta, amma da rai nake so ya gan ta.

Na ce, "Mu kwana. Ni zan nemo ruwan."

Na ɗauki bokiti na shiga unguwar Hausawa da ke bayan gonakin albasa. A gidan farko wata budurwa ta amsa sallamata da Larabci, ta kira uwarta. Na yi bayani ina inda-inda. Matar ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta riƙe baki.

"Na ƙarƙashin zir? Don mota? Ke, motar taku jego take?"

Ta leƙa ta danga ta kira maƙwabciyarta ta maimaita mata, suka yi ta dariya har da tafa hannu. Amma tana dariyar tana juye mini kwanon a bokiti. Kafin in kai gida na uku labarin ya riga ni. "Ga mai motar jego nan!" Wata ta ce ko a haɗa mata da kunun kanwa.

A ƙarshen layin akwai wata tsohuwa, Hajja Tumba, ba ta gani sosai. Ita ba ta yi dariya ba. Ta sa na zauna a bakin gadonta, ta shafa fuskar Ige da hannu, ta ce daga ina. Da na ce Ƙonni sai ta riƙe wuyan hannuna.

"Kakata ta ce akwai wata kuka a bakin kasuwa, mai kogo, mutum uku ka shiga ciki. Tana nan?"

Ban san kukar ba. Na ce mata kukoki dai suna nan da yawa, ban san ko wace ce ba. Ta gyaɗa kai ta ce, "To tana cikinsu." Ta tambaye ni ko har yanzu ana yin daddawa da kalwa, don nan da wani abu dabam suke yi. Ta tambayi yadda muke ce wa abubuwa, ina faɗa tana maimaitawa a hankali. Ita a nan aka haife ta, uwarta ma haka, amma duk maganarta "can gida" take cewa.

Da na gaya mata maganar ganga, ta sa aka ciro mata wani ƙullin tsumma daga cikin rufin ɗaki. 'Ya'yan zogale ne busassu. Mu a gida ganyen muka sani, mu yi kwaɗo. Ta ce in ɓare, in daka, in ƙulla a ƙyalle in yi ta juya shi a cikin gangar har hannuna ya gaji, sannan in bar ta kada kowa ya taɓa. Aka cika ganga da ruwan kogi a wurin Usta, na yi yadda ta ce. Muka kwana a gidanta ni da Ige.

Da gari ya waye na ruga wurin gangar. Jan ruwan nan ya washe, ina hango fuskata a ciki, laka kuma ta kwanta a ƙasa kamar an shimfiɗa ta. Na tsaya ina kallo, na rasa yadda ɗan garin da bai cika tafin hannu ba ya iya wannan aiki. Usta ya kwance tiyon ƙasa, muna zubawa ta sama, yana tayar da inji yana kashewa. Na farko ya fito kamar jini. Na biyu kamar shayi. Sai a na huɗu ya fito yadda ya shiga.

Muna cikin haka sai ga mata sun ɓullo a jere, kowacce da kwano a hannu, abin da ya ɗiga musu tun jiya. Baba ya gan su, ya zagaya bayan mota ya tsuguna wai yana duba taya. Hajja Tumba ce a ƙarshe, wata na riƙe da sandarta.

"Ina mai motar? Hito, Alhaji, mun ji kana ɓoyo."

Ya fito yana murza hula. "Hajja, wallahi kunya nike ji. Ruwan mutane ne."

"Wa ya ce don motarka munka kawo? Ruwan jarirai ne, jaririya munka ba. Ita ta ga dama ta zuba shi inda zai kai ta ga ubanta. Riƙe mazurari."

Ya riƙe. Ni na zuba, kwano bayan kwano, har ya taso bakin ladeta. Abin da ya rage ya cika jarka ɗaya da rabi.

Da hantsi muka kai inda za a bar kwalta a yi yamma. Wani mai tarakta yana fitowa, tayoyinsa sun yi dam da baƙar laka. Baba ya tsayar da shi suka yi magana da Larabci. Na tsinci kaɗan: an yi ruwa jiya wajen duwatsu, rafin da ke tsakiya ya jiƙe, wani ruwan kuma yana tafe. Mutumin ya juya hannu sama da ƙasa, ya ja taraktarsa.

Baba ya daɗe da hannu a kan sitiyari. Na ce, "Baba, in ka juya ba zan ga laifinka ba."

Ya fita, ya tsuguna gaban tayar gaba ya murɗa wani abu a tsakiyarta, ya zagaya ya murɗa na ɗayar. Ya dawo ya ja ƙaramin sandan da ban taɓa ganin ya taɓa ba. Motar ta yi wani gurnani daga ƙasa. "Dabal ke nan," in ji shi. "Bismillah."

Ƙasar can baƙa ce, shimfiɗe har iyakar gani, duk ta tsattsage, tsagar ma ƙafar mutum za ta shige. Da farko ƙura muke tayarwa. Can sai ƙurar ta ɗauke, tayoyi suka fara nauyi, ina jin laka na bugun ƙarƙashin motar. Baba ya ce irin wannan tafiyar ce ke dafa inji, aiki da yawa, gudu kaɗan, iska ba ta shiga. Allura ta taso daga fari ta zo tsakiya. Ta ɗan gota. Na ƙanƙame Ige har ta yi ƙara. Baba ya miƙa hannu ya danna makunnin fitilar ɗakin nan, fanka ta ɗauka. Allurar ta tsaya. Na ƙirga numfashina har ashirin. Sai ta dawo baya kaɗan, kamar faɗin gashi, ta zauna.

"Liman ya ce mu tahi," in ji Baba.

A rafin ne na rufe ido. Na ji mun gangara, bayan motar ya goce gefe, buhunan iri suka zame, inji yana ihu, laka na faɗowa a kan gilashi. Baba yana yi wa motar magana ƙasa-ƙasa, da Hausa da Larabci, kamar mai lallashin saniya. Da na buɗe ido muna kan tudu. Abin da na fara dubawa allurar ce. Tana tsakiya.

Muna hango bukkokin ma'aikata a gindin dutse iska ta taso, sanyi ya shigo ta taga. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashi da faɗin kwabo. Kafin Baba ya kashe mota sama ta buɗe.

Maigidana ya fito daga wata bukka da buhu a kansa. Ya rame, ya yi baƙi, ya tara gemu. Ya fara zuwa wajen Baba ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, amma idonsa na kan abin da ke hannuna. Muka ruga ƙarƙashin rumfa. Na buɗe zanen na miƙa masa ita. Ya karɓe ta da hannu biyu a miƙe, nesa da jikinsa, kamar an ba shi tukunya daga kan wuta. Ige ta dube shi, ta dube ni, ta tsala ihu.

Baba yana tsaye a bakin rumfar yana kallon hanyar da muka biyo. Sawun tayoyinmu ya riga ya zama rafi biyu.

Na ce, "Baba, yaya za ka koma?"

"Motar dai sai kaka. Ni kuwa ba ni barin ta."

"Hajja fa?"

"Gobe in hau dutsen nan in sha faɗa."

"Tun bakin kwalta ka san haka?"

"Tun Abu Hujar." Ya juyo ya dubi maigidana, ya yi tsaki. "Kai, ba buhun iri ba ce. Ɗora kanta ga kafaɗarka, ka dafa bayan."

Maigidana ya yi yadda aka ce. Ige ta ƙara kuka biyu, ta yi ajiyar zuciya, sannan ta damƙi wuyan rigarsa ta cusa a baki.